SIRRIN KYAMARA: Ɗaukar wasan ƙwallo a fim, daga kwando zuwa golf

Sirrin Kyamara fili ne da ke leƙa bayan fage domin matasa masu sha'awar riƙe kyamara, da kuma 'yan kallon da ke son sanin yadda ake ɗinka abin da suke gani a allo. A wannan wata magana ce a kan wata fitowa da ta daɗe tana ba masu shirya finafinan Hausa kunya, wato fitowar wasan ƙwallo.

Duk wanda ya daɗe yana kallo ya san yadda abin yake kasancewa. Marubuci zai rubuta layi ɗaya tak a sikirif: jarumi yana wasan ƙwallon kwando a makaranta, jaruma ta zo wucewa ta gan shi. Ko kuma: Alhaji yana buga golf da abokin kasuwancinsa, suna ƙulla yadda za su cuci wani. A takarda abin ba wuya. Ranar shutin sai a kwashi mutane mota biyu a tafi lokeshan, a jefa wa yara ƙwallo a ce su yi ta wasa, shi kuma mai ɗaukar hoto ya tsaya a bakin fili yana wurga kyamara hagu da dama, yana zumin ciki da waje kamar mai neman ɓataccen sa a kasuwar Wudil. In an kai wa edita sai ya dafe kai. Hoton minti 40, amma babu daƙiƙa 20 masu amfani. Ba a san wa ke cin wa ba, ba a ga fuskar jarumi ba, ƙwallon ma sau biyu ko uku ta faɗo cikin hoton. Ƙarshenta a guntule fitowar, ko a ɗora mata waƙa a rufe ɓarnar. Kuɗin mota da na abinci da sallamar yara duk sun bi ruwa, kuma furodusa ba ya mantuwa. In zai yi fim na gaba, wani zai kira.

Tushen matsalar a fili yake. Da yawa daga cikin masu ɗaukar hoto a wannan masana'anta daga ɗaukar biki da suna da taron siyasa suka taso, kuma wannan ba abin kunya ba ne, makaranta ce babba. Sai dai a wurin biki mutum bai san abin da zai faru nan da daƙiƙa biyar ba, dole ya bi duk inda hayaniya ta yi. Haka shi ma mai ɗaukar wasan Kano Pillars a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, dole ya bi ƙwallo domin bai san inda za ta ba. Shi kuwa fim an riga an san komai. An san wa zai jefa, daga ina zai jefa, da ko za ta shiga ko ba za ta shiga ba. Saboda haka wasan ƙwallo a fim ba ɗaukar sa ake yi ba a dunƙule, tsara shi ake yi kamar yadda ake tsara rawa, a yanka shi gunduwa-gunduwa, a ɗauki kowace gunduwa daban, edita ya haɗa.

Kafin a kunna kyamara ma, akwai tambayar da ya kamata mai ɗaukar hoto ya yi wa darakta: "Oga, me wannan wasan zai gaya wa 'yan kallo?" In darakta ya ce ai kawai don a ga jarumi ɗan gayu ne, to hoto uku ya isa, kada a ɓata yini. In kuwa akwai abin da ya rataya a kan wasan, to a nan aikin yake. Masu kallon finafinan Indiya ba za su manta da Kuch Kuch Hota Hai na 1998 ba. Wallahi duk ɗan wasan kwando na gaske in ya ga yadda Shah Rukh Khan da Kajol ke buga ƙwallo a fim ɗin sai ya yi dariya. Amma wa ya damu? Karan Johar ya yi amfani da wasan ne ya nuna wace ce Anjali a kwaleji, yarinyar da ke lallasa Rahul har sai ya koma maguɗi, sannan bayan shekara 8 ya sake haɗa su a wani filin tana sanye da sari, ta kasa taɓuka abin da ta saba. Wasan farko da na biyu su suka ba da labarin yadda ta canza. Shi kuwa Lagaan na Aamir Khan, wanda ya fito a 2001, mutanen da ba su san ko dokar kurket ɗaya ba sun zauna fiye da awa guda suna kallon wasan da zuciya a hannu, don sun san in ƙauyawan suka ci an yafe musu harajin shekara 3, in aka ci su kuma za su biya ninki uku.

Layin da ba a tsallakawa

Abu na farko da ke sa 'yan kallo jiri shi ne rashin sanin inda kowa ya dosa. Mai karatu ya lura da wasan ƙwallon ƙafa na Turai a gidan kallo: manyan kyamarori duk a gefe ɗaya na filin suke. Shi ya sa in ƙungiya tana kai hari daga hagu zuwa dama, haka za ta ci gaba har a tafi hutun rabin lokaci. In za su nuna hoton da aka ɗauka daga ɗaya gefen, sau da yawa har rubutu suke sa wa a allo don kada mutane su rikice.

To haka ma a fim. Mai ɗaukar hoto ya ja layi a zuciyarsa daga wannan kwando zuwa wancan, ya zaɓi gefe ɗaya, ya zauna a nan. Zai iya matsowa kusa, zai iya ja da baya, zai iya hawa tsani ko ya kwanta a ƙasa, amma kada ya tsallaka layin. Da zarar ya tsallaka, jarumin da ke gudu zuwa dama zai koma gudu zuwa hagu a hoto na gaba, ɗan kallo ya zaci gidansu zai jefa wa ƙwallo. Wannan ita ce dokar da ake kira ta digiri 180, kuma ita ce dai ake bi in mutum biyu na hira a falo, sai dai a falo in an karya ta wani lokaci a sha, a filin wasa ba a sha. In ya zama dole a koma ɗaya gefen, misali rana ta juya ta shiga idon kyamara, akwai hanya biyu. Ko dai a zagaya da kyamarar tana ɗauka, 'yan kallo su ga an zagaya, ko a sa wani hoto a tsakani wanda aka ɗauka a kan layin kansa, kamar daga bayan kwando inda 'yan wasa ke tahowa kai-tsaye.

Ita ma wurga kyamarar tana da ladabi. Mai ɗauka ya dasa ƙafafunsa suna fuskantar inda juyawar za ta ƙare, sannan ya murɗa ƙugunsa zuwa inda za ta fara, ta yadda jikinsa zai riƙa warwarewa a hankali maimakon ya ƙare a murɗe yana rawar hannu. Ya bar fili a gaban mai gudu, kada hancinsa ya riƙa dukan gefen allo. Ido ɗaya a kyamara, ɗaya a buɗe yana ganin abin da ke tahowa. Batun zum kuwa, gara ma a ɗaure wannan ɗan yatsan. In ana son hoton kusa, a tsaya, a matso, a sake ɗauka. Da can zamanin kaset, lokacin da MiniDV ɗaya minti 60 ne kuma furodusa na ƙirga su, akwai uzurin ƙin maimaitawa. Yanzu da ake ɗauka a kati babu wannan uzurin.

Ƙwallon kwando

Tsohuwar dabarar da kowa ya sani ita ce ta hoto uku: hannun jarumi yana sakin ƙwallo, sai ƙwallon tana faɗawa raga, sai fuskarsa ko ta budurwar. Hoton tsakiyar wani ne ke tsaye a kan tsani kusa da kwandon yana jefawa. Dabarar tana aiki, amma da sharaɗi. Dole ƙwallon ta shigo daga ɓangaren da jarumi ya jefa, kuma ta zo a lanƙwashe daga sama tana juyawa baya-baya kamar yadda take yi in gwani ya jefa. In aka sako ta tsaye kamar an jefa guga a rijiya, ko yaro ya san wani ne ya sake ta.

Sai dai 'yan kallon yanzu idonsu ya buɗe, suna ganin wasan NBA a waya. In duk jifan da jarumi ya yi sai an yanka kafin ƙwallo ta shiga, za su gane. Saboda haka a samu ko da jifa ɗaya tak da za a ɗauka daga nesa ba yanka, a ga jarumi, a ga kwando, a ga ƙwallon ta bar hannunsa ta shiga. Wannan guda ɗayan shi zai sa a yarda da sauran. Kuma a zaɓar masa mai sauƙi. Kwandon yana sama mita 3.05, faɗin bakinsa santimita 45, ƙwallon kuma kusan santimita 24, wato da kaɗan ƙwallo biyu ba za su shiga a jere ba. Daga layin bugun fanareti na kwando, mita 4.6 daga allon, mutumin da ya yi atisayen mako biyu zai iya ci in aka ba shi dama goma. Amma a ce sai daga bayan layin maki uku, mita 6.75, kuma a bayan ya yi tsalle ya juya? Haba! Sai magariba ta yi ana "a sake, a sake".

A nan ne ya kamata shi ma jarumi ya san nasa aikin, domin kyamara tana iya ɓoye inda ƙwallo ta tafi amma ba ta iya ɓoye jikin da bai iya ba. Mai jifa na gaske yana buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ya ɗan durƙusa, domin ƙarfin daga gwiwa yake tasowa. Ƙwallon tana zaune a kan yatsun hannu ɗaya, gwiwar hannun tana ƙarƙashinta, ɗaya hannun yana gefe yana tallafe kawai. In ya saki, hannun zai tsaya a sama, wuyan hannu a karye, yatsu suna kallon ƙasa kamar mai laluben wani abu a saman kabad, kuma ya bar shi haka har ƙwallo ta isa. Wannan tsayuwar hannun ita ce hoton da ya fi kyau a duk fitowar, kuma ita ce abin da 'yan koyo ke mantawa, su jefa da hannu biyu daga ƙirji kamar masu miƙa wa kwandasta kaya. Wajen buga ta a ƙasa kuma da yatsu ake turawa, ba mari da tafin hannu ba, kada ta wuce ƙugu, kuma ido yana gaba. Jarumin da ke kallon ƙwallonsa yana bugawa ya tona wa kansa asiri. Haka wanda ya rungume ta ya yi taku biyar da gudu, wannan laifi ne da alƙalin wasa zai hura wa usur nan take.

Ba a fafe gora ranar tafiya. 'Yan matan da suka fito a Chak De! India a 2007 sai da suka yi watanni suna koyon ƙwallon gora kafin a fara ɗauka, kuma an cakuɗa su da 'yan wasa na gaske. Furodusan Kano ba shi da kuɗin watanni, amma yana da abin da bai cika lura da shi ba: 'yan wasan kwando suna nan birjik. Kano Pillars tana da ƙungiyar kwando, Zariya kuma ta daɗe da suna a wannan wasa, a can ne ma Masai Ujiri ya taso, mutumin da yake shugabancin Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. A nemi koci ɗaya a biya shi ya tsara motsi huɗu ko biyar, ya koya wa jarumi, kuma sauran mutum 9 da ke cikin filin su zama waɗanda suka iya. In kowa na kewaye da shi yana motsi daidai, shi ma sai ya yi kama da gwani. Inda abin ya fi ƙarfinsa, a sa wa wani mai irin jikinsa rigarsa, a ɗauki ƙafafu da hannaye da ƙeya. A dai duba takalmi da agogo da aski su zama iri ɗaya.

Dabara biyu ƙanana: in aka kwantar da kyamara kusa da ƙasa da gilashi mai faɗi, tsallen taku ɗaya sai ya zama kamar mutum ya tashi sama. In kuma aka ɗaure waya a saman allon kwando tana kallon ƙasa, za a samu hoton fuskoki suna ɗaga kai ƙwallo na tahowa. A ɗaure ta tamau dai, domin ƙwallo ba ta san farashin waya ba.

Sai maganar saitin kyamara, wadda matasa masu ɗauka da waya suka fi faɗawa ramin ta. Wutar lantarkin Nijeriya da Nijar tana bugawa sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa tsarin hoto na wannan yanki firem 25 ne, shota kuma 1/50. Wayoyi da yawa suna zuwa a kan firem 30, tsarin Amurka, inda wutar ke bugawa sau 60. A waje cikin rana ba matsala, amma da an shiga zauren wasa mai fitilu sai a ga hoton yana ƙyaftawa ko wasu baƙaƙen layuka suna hawa. A mayar da ita 25 ko 50. In da janareta ake aiki kuma a gwada a duba kafin a fara, domin shi janareta ba kullum yake riƙe bugunsa daidai ba. Mai son tafiyar hawainiya, wato abin da ake kira silo, kada ya bari sai a wurin edita a ja hoton firem 25, zai riƙa tsalle-tsalle. A ɗauka a kan 50 in ana son rabin gudu, ko 100 in ana son kashi ɗaya cikin huɗu, a kuma sani cewa a kan 100 hasken da ake buƙata ya ninka kusan sau huɗu. Silo ɗaya a jifan ƙarshe yana tsayar da numfashi. Silo goma kuwa barci yake sawa. Fokas kuma a kulle shi da hannu, in ba haka ba duk wanda ya gifta sai kyamara ta bi shi ta bar jarumi a dishi-dishi.

Golf, ƙwallon da ba a gani

Shi golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, ya fi shigowa a fitowar masu kuɗi, kuma akwai filayensa a Kano da Kaduna da Jos da Abuja. Abin da ya kamata mai ɗaukar hoto ya sa a ransa tun farko shi ne ba zai iya bin ƙwallon ba, kada ma ya wahalar da kansa. Faɗinta bai kai santimita 4 da rabi ba, kuma in gwani ya sa mata babbar sanda tana tashi da gudun da ya haura kilomita 250 a awa. A lissafin firem 25, tsakanin hoto ɗaya da na gaba ta yi tafiyar kusan mita 3. Ga ta fara, ga sararin sama fari, balle lokacin hunturu da hazo ya rufe ko'ina. Waɗanda ke bin ta a gasar talbijin aikinsu ke nan shekara da shekaru, da gilasan da kuɗinsu zai yi fim guda.

Wurin tsayuwa biyu ne. Ko dai a fuskanci mai bugun ƙirji da ƙirji, ƙwallon tana tsakani, a ja baya sosai, ko a tsaya a bayansa ana kallon inda ƙwallon za ta nufa, nesa da inda sandar ke kaiwa. A wannan na biyun, in aka yi sa'a akwai duhun bishiyoyi a can gaba, za a ga farar ƙwallon ta ratsa. Wurin da ba a tsayawa shi ne gabansa, ko da a karkace ne. Wannan ba maganar kyan hoto ba ce, maganar rai ce. Ƙwallon golf tauri gare ta kamar dutse, kuma ɗan koyo bai san inda tasa za ta ba. In darakta ya nace sai an ɗauka daga gaba, a kafa kyamara a kan ƙafarta, a kunna, kowa ya kauce, a kuma yi amfani da ƙwallon roba mara nauyi ta atisaye. Ko ma a ɗaga hoton daga gwiwa zuwa sama, ya buga iska, a sa ƙarar daga baya. Saukar ƙwallon kuma sai wani ya tsaya a wajen hoto ya lulo ta sama ta faɗo kusa da tuta.

Shi ma Alhajin fim ɗin sai an gyara masa tsayuwa. Na-dama yana sa safar hannu ne a hagu, guda ɗaya, ba biyu ba kamar mai walda. Hannayen biyu suna manne da juna a kan sandar. Kansa ba ya ɗagowa sai ƙwallo ta tafi, kuma in ya gama, nauyinsa yana kan ƙafar hagu, cikinsa na kallon inda ya buga, dugadugin dama a ɗage, ya tsaya cak yana bin ƙwallon da ido. In ɗan wasa ya iya wannan tsayuwar ta ƙarshe kawai, rabin aiki ya ƙare. Kuma don Allah a cire masa babbar riga. Ba wanda ke kaɗa sanda da malum-malum sai in fim ɗin na barkwanci ne.

Gaskiyar magana ma, in hira ce ake son yi a filin golf, wurin da ya fi dacewa shi ne kusa da rami, inda ake ɗan tura ƙwallo a hankali tana gangarawa. A nan kyamara tana iya bin ta, ɗan wasa yana iya yi da kansa, kuma akwai jira, wanda shi ne abincin fim. Ramin santimita 10.8 ne. A kwantar da kyamara a kan ciyawa a bayansa, ƙwallon tana tahowa tana girma, masu maganar suna can baya. Ɗaya daga cikin hotunan golf da suka fi shahara a duniya ma irin wannan ne: bugun Tiger Woods a rami na 16 a gasar Masters ta 2005, inda ƙwallon ta hau gangare, ta juyo a hankali, ta zo bakin rami ta tsaya kamar ba za ta faɗa ba, sannan ta faɗa. Abin da ya sa hoton ya zama abin da ya zama shi ne ba a yi gaggawar yankewa zuwa fuskar Tiger ba, an tsaya a kan ƙwallon. Editan da hannunsa ke ƙaiƙayi ya riƙe wannan. A kuma nemi izinin masu kulob tun da wuri, kuma kada a caka ƙafar kyamara a kan lallausar ciyawar da ke kewaye da rami, domin wannan kaɗai ya isa a kore ku, a kuma hana na bayanku shiga.

Duka wasannin biyu, in a waje ne, rana ce mai gida. Daga fitowarta zuwa wajen ƙarfe 10 na safe, sai kuma bayan la'asar, nan ne haske ke da kyau. Da tsakar rana idanun 'yan wasa ramuka biyu baƙaƙe za su zama, musamman mai hular hana-sallah. A fara da hotunan nesa tun inuwa ba ta juya ba, a bar na kusa zuwa baya, domin su ana iya gyara su da riflekta. Mai kula da kwantiniti kuma ranar ce zai ci kuɗinsa: maki nawa ne a allo, ƙwallo tana hannun wa, a wane hannu, gumi ya kai ina a riga. Abin dariya ne a ga jarumi sharkaf a wannan hoto, a na gaba rigarsa kamar yanzu ta fito daga wurin mai guga. Batun sutura kuwa, musamman in akwai mata a wasan, a yi shawararsa tun a gida, domin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, za ta kalli fitowar, kuma ba daɗi a sha wahalar yini biyu a ce a cire.

'Yan kallon cikin fili ba sai an tara ɗari biyar ba. Mutum 30 sun isa in aka cusa su wuri ɗaya, aka ɗauke su daga nesa da dogon gilashi ta yadda ba a ganin kujerun da babu kowa, sannan a sauya musu wuri da huluna a sake ɗauka. Matsalarsu ɗaya ce, kowa inda ya ga dama yake kallo, wasu ma kyamarar suke kallo suna murmushi don a gan su a gida. Maganin wannan, a ba wani yaro ƙwallo a kan doguwar sanda ya riƙa tafiya da ita a bayan kyamara, a ce kowa ya bi ta da ido, in ta sauka a yi ihu.

Sauti shi ne abin da ake barin wa Allah, alhali rabin wasan a kunne yake. Bayan an gama, a sallami kowa, a riƙe mutum biyu na minti 15, a ɗauki bugun ƙwallo a ƙasa, da ƙugin takalmi a kan daɓe, da ƙarar raga in ƙwallo ta ratsa ba ta taɓa ƙarfe ba, da ƙarar ƙarfen in ta taɓa, da "ƙas" ɗin sandar golf, da ɗan ƙwaram ɗin da ƙwallo ke yi in ta faɗa rami. Ihun jama'a shi ma a ɗauke shi daban, na murna da na takaici. Lokacin da jarumai ke magana kuma, na bayansu su yi ta motsi ba tare da ƙwallo ta taɓa ƙasa ba, baki yana motsi ba murya. In ba haka ba duk inda edita ya yanka, bugun ƙwallon zai katse a tsakiya, kuma ba shi da yadda zai raba shi da maganar.

A fitowa ta gaba, in Allah ya kai rai, wannan fili zai shiga gidan dambe, a ga inda ya kamata kyamara ta tsaya in za a yi kisa, da yadda ake sa naushin da bai taɓa kowa ba ya yi kama da wanda ya zubar da haƙori.